Daga Kogi zuwa Kwamfuta: Jerin Matakai a Tsara Ababen More Rayuwa Masu Ɗorewa, Nazari a kan Holan da Kwarin Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Ababen more rayuwa na birni, wato jinga da madatsar ruwa da magudana da titi da layukan lantarki da na sadarwa, ba tsawon rai ɗaya gare su ba. Kogi yakan ɗauki ƙarnoni kafin ya sauya kwarinsa. Madatsar ruwa akan gina ta da niyyar ta yi shekara 50 zuwa 100, wani lokaci ma fiye. Unguwa takan sauya kama cikin shekara 20 ko 30. Ita kuwa na'urar da ake kafawa a jikin gada domin ta auna tsayin ruwa ta aika da saƙo, da wuya ta kai shekara 10 ba a sauya ta ko manhajarta ba. Wannan bambanci na tsawon rai shi ne ke haifar da yawancin wahalhalun da masu tsara birane ke cin karo da su, domin abin da ya fi saurin tsufa shi ne ya fi sauƙin saye, ya kuma fi ɗaukar ido a ranar buɗe aiki.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ɗorewar tsari ta rataya ne a kan jerin da aka bi wajen yanke shawara: a fara da filin da ruwa ke buƙata, a bi da hukumar da za ta kula da shi da kuɗin da za ta yi aiki da su, sa'an nan a ɗora fasahar tattara bayanai a kansu. An ɗauki ƙasar Holan a matsayin babban misali, aka kuma auna abin da aka samu da halin da kwarin Haɗejiya-Jama'are da birnin Kano ke ciki.

Akwai kalmomi uku da ake buƙatar a fayyace. Ɗorewa a nan tana nufin aiki ya ci gaba da biyan buƙatar da aka yi shi dominta ba tare da ya jefa wasu mutane, ko na ƙasan kogi ko na zamani mai zuwa, cikin asarar da ta fi amfaninsa ba. Birni mai basira kuma shi ne wanda ake gudanar da ruwansa da wutarsa da zirga-zirgarsa bisa bayanan da na'urorin awo ke aikawa kai tsaye zuwa kwamfuta. Jinga ita ce tudun ƙasa ko katangar da ake yi a gaɓar kogi ko teku domin tare ruwa.

2.0 Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

Ra'ayi mafi daɗewa shi ne na injiniyoyin ƙarni na 19 da farkon na 20, waɗanda suka ɗauki ruwan sama da na kogi a matsayin abin da za a tare, a miƙar da hanyarsa, a fitar da shi daga gari da gaggawa. Cikin waɗanda suka yi wa wannan ra'ayi suka mai hujja akwai Gilbert F. White na Jami'ar Chicago a Amurka, a kundin digirinsa da aka buga a 1945. White ya lura cewa jinga tana sa mutane su saki jiki su yi gini a fadamar da take karewa, ta yadda a ranar da ruwa ya fi ƙarfinta asarar takan ninka wadda da za a yi idan babu jingar. Wannan shi ne abin da masana suka riƙa kira tasirin jinga daga baya. Ian McHarg, a littafinsa na 1969, ya ƙara da wata dabara ta aiki: a zana taswirar ƙasa da ta ruwa da ta tsirrai daban-daban, a jera su ɗaya bisa ɗaya, a bar abin da suka nuna ya zaɓi inda za a yi gini.

Rahoton kwamitin Brundtland na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1987 shi ne ya shigar da kalmar ɗorewa cikin harshen gwamnatoci. Taron Dublin na 1992 ya fitar da ƙa'idoji huɗu na sarrafa ruwa, waɗanda daga cikinsu aka gina ra'ayin haɗaɗɗen tsarin sarrafa albarkatun ruwa, wato a ɗauki kwarin kogi gaba ɗayansa a matsayin yanki guda na mulki. Ra'ayin ya karɓu a takarda fiye da a aikace. Asit Biswas ya nuna a 2004 cewa ma'anarsa ta yi faɗin da kowace hukuma za ta iya cewa tana bin sa alhali ba ta sauya komai daga abin da ta saba ba.

Maganar birni mai basira ta yi ƙarfi ne daga 2008, shekarar da kamfanin IBM ya fara tallata shirinsa na gudanar da birane da kwamfuta. A wannan shekarar ce kuma Robert Hollands ya buga maƙalar da ta tuhumi kalmar da cewa ta fi kama da tambarin kasuwa. Rob Kitchin ya biyo baya a 2014 da damuwa a kan yadda irin wannan tsari ke miƙa ikon birni ga kamfanoni da ƙwararru, da yadda yake buɗe ƙofar sa ido a kan jama'a. Sababbin biranen da aka gina daga tushe domin gwada ra'ayin, irin su Songdo a Koriya ta Kudu da Masdar a Abu Dhabi, sun daɗe ba su cika da mutane yadda aka tsara ba. Shirin kamfanin Sidewalk Labs a Toronto kuwa an janye shi a watan Mayun 2020 bayan doguwar jayayya a kan wanda zai mallaki bayanan mazauna.

Giɓin da ke akwai shi ne masana ruwa da masana birni mai basira kowa na magana ne a zaurensa. Kaɗan ne suka tsaya a kan tambayar wanne ya kamata ya riga wanne.

3.0 Dabarun Bincike

Binciken na kwatance ne, ya kuma dogara da abin da aka riga aka wallafa na dokoki da rahotannin hukumomi da ayyukan masana. Ra'in da aka ɗora shi a kai shi ne ra'in shimfiɗu, wanda masu tsara ƙasa na Holan suka inganta a ƙarshen shekarun 1990. Ra'in ya kasa ƙasa gida uku gwargwadon saurin sauyawarsu: shimfiɗar tushe ta ƙasa da ruwa, shimfiɗar hanyoyi da layuka, da shimfiɗar mazauni. Ƙa'idarsa ita ce wadda ta fi jinkirin sauyawa ita ke gindaya wa wadda ta fi sauri sharaɗi. Wannan maƙala ta ƙara shimfiɗa ta huɗu, ta bayanai, wadda ta fi kowacce gajeren rai. A kowane misali an yi tambayoyi uku: nawa ne filin da aka bar wa ruwa, wace hukuma ce ke da alhakinsa kuma daga ina kuɗinta ke fitowa, sa'an nan wane mataki ne bayanan da aka tattara ke sa a ɗauka.

4.0 Nazari

4.1 Holan: daga tare ruwa zuwa ba shi fili

Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da matakin teku, kuma sama da rabinta ruwa zai iya shafa idan babu jinga. Wani ɓangare na wannan hali aikin mutum ne. Tun ƙarnonin tsakiya ake zuƙe ruwa daga dausayi domin a yi noma, ƙasar dausayi kuwa idan ta bushe sai ta lotsa, idan ta lotsa sai a ƙara zuƙewa. Wuri mafi zurfi a ƙasar, kusa da Rotterdam, yana kimanin mita 6.7 ƙasa da teku.

A daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairun 1953 guguwa ta tunkuɗo teku ta fasa jingogi a kudu maso yammacin ƙasar, mutum 1,836 suka rasu. Amsar da gwamnati ta bayar ita ce Ayyukan Delta, waɗanda dokar 1958 ta tabbatar: a toshe bakunan koguna da madatsai domin a rage tsawon gaɓar da ake karewa. Sauyin tunani na farko ya bayyana ne a bakin Oosterschelde. An tsara a toshe shi ruf, amma masunta da masu kiwon kawa da masu kare muhalli suka tashi tsaye, domin toshewar za ta mayar da ruwan gishiri ruwan daɗi ta kashe abin da suke ci da shi. A tsakiyar shekarun 1970 aka sauya zane zuwa shinge mai ƙofofin ƙarfe 62 waɗanda ke zama a buɗe, sai guguwa ta taso a sauke su. An buɗe shi a 1986, a kan kuɗin da ya zarce na zanen farko nesa ba kusa ba.

Sauyi na biyu daga koguna ya zo. A 1993 da 1995 kogin Rhine da na Maas sun cika maƙil, a 1995 har sai da aka kwashe kimanin mutum 250,000 saboda tsoron fashewar jinga. Jingogin sun riƙe, amma an gane cewa ƙara musu tsayi kaɗai yana ƙara zurfin ruwan da zai afka wa gari a ranar da suka gaza, abin da White ya faɗa shekara 50 kafin nan. Daga nan aka fito da shirin Bai wa Kogi Fili, wanda aka fara aiwatarwa a 2007 a wurare sama da 30, da kasafin euro biliyan 2.3. Ma'aunin nasararsa a bayyane yake: rassan Rhine su iya ɗaukar kubik mita 16,000 a kowane sakan a mashigar Lobith, maimakon 15,000, ba tare da an dogara da ɗaga jinga ba.

A Nijmegen, inda kogin Waal ke yin kwana mai matsi, an ja jinga baya da mita 350 a ƙauyen Lent, aka haƙa wa kogin reshe na biyu, abin da ya haifar da tsibiri a tsakiyar gari. Sai da aka rushe gidaje kafin a samu filin. A Overdiepse, manoma ne da kansu suka kawo shawarar a ɗaga gidajensu da garkunan shanunsu a kan tuddai takwas, a bar gonakin su sha ruwa a shekarar da kogi ya yi yawa, wasunsu kuma suka karɓi diyya suka tashi. Abin lura a waɗannan ayyuka shi ne abin da ya fi wuya shi ne samun fili da lokacin sasantawa, domin aikin haƙa da tura ƙasa ba sabon ilimi ba ne.

A cikin birni ma an bi wannan hanya a ƙaramin sikeli. Dandalin Benthemplein na Rotterdam, wanda aka buɗe a 2013, filin wasa ne mai kwari uku da ke riƙe kimanin lita miliyan 1.7 na ruwan sama har magudanai su sarara. A ƙarƙashin wurin ajiye motoci na Museumpark akwai tanki mai cin kubik mita 10,000. Duk da haka bai dace a ɗauka cewa Holan ta gama koyon darasinta ba, tunda har yanzu akwai shirin gina dubban gidaje a Zuidplaspolder, yankin da wurin nan mafi zurfi yake.

4.2 Hukuma da kuɗi

Abin da ba a cika kwaikwaya daga Holan ba, domin ba ya fitowa a hoto, shi ne majalisun ruwa. Suna cikin hukumomi mafi tsufa a ƙasar. Ta Rijnland tana da takardar izini tun 1255. A yau guda 21 ne, iyakokinsu kuma sun bi kwararar ruwa maimakon iyakar lardi. Jama'a ke zaɓen mafi yawan wakilansu, suna kuma da ikon karɓar harajin kansu daga mazauna da masu filaye da gine-gine. Wannan na nufin kuɗin yashe magudana da gyaran famfo da duba jinga ba ya shiga layi ɗaya da kuɗin makaranta ko asibiti a lokacin kasafi, ba ya kuma jiran minista ya tuna da shi.

A matakin ƙasa, dokar Delta ta 2012 ta tabbatar da ofishin kwamishina da wani asusu na musamman da ke samun sama da euro biliyan 1 a kowace shekara, tana kuma wajabta gabatar wa majalisar dokoki sabon shiri duk shekara. Daga 2017 ma'aunin tsaro ya koma kan mutum: zuwa 2050, haɗarin mutuwar duk wanda ke zaune a bayan jinga saboda ambaliya kada ya wuce 1 cikin 100,000 a shekara. Alƙalami irin wannan yana da amfani biyu. Yana ba injiniya abin da zai yi zane a kai, yana kuma ba ɗan ƙasa abin da zai tuhumi hukuma da shi.

4.3 Inda fasaha ke shigowa

Shingen Maeslant, wanda aka kammala a 1997 a mashigar ruwan Rotterdam, shi ne misali mafi bayyana na miƙa hukunci ga kwamfuta. Ƙofofinsa biyu ne, kowace mai tsawon mita 210. Manhaja ce ke karɓar hasashen iska da na tsayin teku da na kogi, idan ta ga ruwa zai kai mita 3 a Rotterdam sai ta ba da umarnin rufewa. Dalilin da ya sa hakan ke aiki shi ne tambayar da aka bar wa manhajar guda ɗaya ce, hukuma ta riga ta yanke iyakar, kuma akwai ƙofar da za ta motsa idan amsa ta fito. Ma'aikata na nan a wurin domin karɓar ragama idan wani abu ya saɓa, ana kuma gwada rufewar duk shekara kafin lokacin guguwa. Sai a Disambar 2023 shingen ya fara rufewa da kansa bisa iyakar mita 3 ɗin, shekara 26 bayan gina shi, kuma a duk tsawon lokacin ana biyan kuɗin kula da shi.

A Amsterdam an gwada rufin gida mai ajiye ruwa a ƙarƙashin tsirrai, wanda bawul ɗinsa ke sakin ruwan da ya tara idan hasashe ya nuna babban hadari na tafe. A lardin Groningen an gina jingogin gwaji, aka cusa musu na'urorin awo, aka matsa musu har suka fashe, domin a san alamar da ke riga fashewa. Tare da wannan duka, majalisun ruwa ba su daina aika mutane su taka jinga da ƙafa ba, suna kuma da ma'aikatan da aikinsu kawai kama wani ɓeran ruwa mai girman gafiya da ke haƙa rami a jikinta.

Abin da ya faru a kwarin Ahr na Jamus a daren 14 zuwa 15 ga Yulin 2021 ya nuna ɗaya fuskar. Tsarin hasashen ambaliya na Turai ya fitar da gargaɗi kwanaki kafin ruwan, hukumar yanayi ta Jamus ma ta yi nata. Amma ikon ba da umarnin kwashe mutane yana hannun hukumar gunduma, ita kuwa ba ta ayyana matakin bala'i ba sai da dare ya yi nisa, bayan ruwa ya riga ya lalata ma'aunin da ke Altenahr. Sama da mutum 130 suka rasu a wannan kwari kaɗai, wanda an daɗe ana gini har bakin ruwansa. Jamus ba ta fara aika gargaɗi kai tsaye zuwa duk wayar da ke yanki ba sai a Fabrairun 2023. A makon da ya biyo bayan bala'in Ahr, birnin Zhengzhou na ƙasar Sin ya samu ruwan sama milimita 201.9 cikin awa ɗaya. An fitar da jan gargaɗi, amma jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ci gaba da ɗaukar fasinja har ruwa ya rutsa da mutane a cikinsa, binciken gwamnatin tsakiya kuma ya ɗora laifi a kan jami'an birnin. A wuraren biyu bayanai sun isa a kan lokaci. Abin da ya yanke shi ne igiyar da ke tsakanin sani da umarni.

4.4 Singafo a taƙaice

Ana yawan kawo Singafo a matsayin birni mai basira, amma tarihin ayyukanta ya bi jerin da ake magana a kai. Tsabtace Kogin Singafo ya ɗauki shekara 10, daga 1977 zuwa 1987, ya kuma haɗa da tashin masana'antu da gonakin aladu da masu sayar da abinci daga gaɓarsa. Madatsar Marina ta zo a 2008. A 2012 aka gama fasa magudanar kankare mai tsawon kilomita 2.7 a lambun Bishan-Ang Mo Kio aka mayar da ita rafi mai lanƙwasa da fadama. Shirin ƙasa mai basira sai a 2014 aka ƙaddamar da shi, a lokacin da hukuma guda, PUB, ta riga ta haɗa ruwan sha da magudanai da ruwan ƙazanta a hannunta. Ƙanƙantar ƙasar da ƙarfin ikon gwamnatinta a kan filaye sun sa ba ko'ina za a iya maimaita hakan ba.

4.5 Kwarin Haɗejiya-Jama'are da birnin Kano

An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992, su biyun ne ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya. Sun samar da ruwan noman rani a yankin Kura da Kadawa, da kuma ruwan sha ga birnin Kano. A ƙasan kogi kuwa akwai fadamar Haɗejiya-Nguru, inda ambaliyar damina ke ciyar da noman shinkafa da kamun kifi da kiwo, tana kuma cika rijiyoyi. Littafin da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tace a 1993, da binciken Barbier da Thompson na 1998, sun nuna cewa filin da ambaliya ke rufewa ya ragu ƙwarai saboda fari da madatsai tare, kuma ribar da manyan ayyukan ban ruwa ke samarwa ba ta cike asarar da ake yi a fadama. Shawararsu ita ce a riƙa sakin ruwa daga madatsun a damina bisa tsari domin a kwaikwayi ambaliyar asali. Wannan shi ne ra'ayin bai wa kogi fili, an kuma kawo shi a kan kwarin Haɗejiya shekaru kafin Holan ta fara aiwatar da nata shirin.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da ƙa'idar shimfiɗu. Sakin ruwa da rani ya sa hanyoyin da a da suke bushewa suka koma masu ruwa duk shekara. Ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta kama laka, ta toshe hanyoyin. Ruwa ya karkata zuwa reshen Marma da tafkin Nguru yana cin gonaki da garuruwa, wasu rassan kuma suka ƙafe, ruwan da ke isa Gashuwa da kogin Yobe ya ragu. Shawarar da aka yanke a shimfiɗar hanyoyi ta sauya shimfiɗar tushe, gyaranta kuma ya zama aikin yankan kachala da yashe hanya da ba ya ƙarewa.

Ta fuskar hukuma, an kafa hukumomin raya kwarin koguna a 1976, ciki har da ta Haɗejiya-Jama'are, kuma iyakarta ba ta rufe kwarin gaba ɗaya ba, domin ƙasan kogin yana ƙarƙashin hukumar tafkin Chadi. Madatsai na hannun gwamnatin tarayya, filaye kuwa dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa su ga gwamnoni, magudanan gari kuma suna tsakanin jiha da ƙaramar hukuma. Jihohin kwarin sun kafa asusun amana a 2006 domin haɗa ƙarfi, amma ba shi da ikon karɓar haraji irin na majalisun ruwan Holan, sai abin da aka ba shi. Fashewar madatsar Bagauda a 1988, da ta Alau a kan kogin Ngadda wadda ta mamaye Maiduguri a ranar 10 ga Satumban 2024 bayan wata ambaliyar ta 1994, suna nuna abin da ke faruwa idan gini mai dogon rai ya dogara da kasafi mai gajeren rai.

A cikin birnin Kano, tsohon gari yana da nasa tsarin riƙe ruwa tun kafin a ƙirƙiro masa suna. Kududdufan da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa suna karɓar ruwan unguwanni, su riƙe shi, ya tsiyaye ƙasa a hankali. Aikin da dandalin Benthemplein ke yi ke nan, wanda aka kashe kuɗi aka ƙera. An cike da yawa daga cikinsu da shara da ƙasa an yi gini a kai, ruwan da suke sha ya koma titi da kwalbati. Gaskiya ne cewa kududdufin da ya zama juji yana kawo sauro da wari da haɗarin nitsewar yara, amma maganin wannan shi ne yashewa da katangewa da hana zuba ƙazanta. Shi ma kogin Jakara an zaɓi a ɗaure shi da kankare a shimfiɗa titi a kansa, alhali birnin Seoul ya rushe gadar sama tsakanin 2003 da 2005 domin buɗe rafin Cheonggyecheon da aka rufe, ko da yake ruwan da ke gudana a cikinsa yanzu da famfo ake turo shi.

Shimfiɗar bayanai ba a rasa ta gaba ɗaya ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina duk shekara, NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya tare da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, wayar hannu da rediyo sun kai kusan kowane ƙauye. Ambaliyar 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Nijeriya ta kuma yi ɓarna mai yawa a Jigawa, ta zo ne bayan irin wannan hasashe. Hasashen shekara yana faɗin yankin da ke cikin haɗari, amma ba ya faɗa wa mutumin Auyo ko Ringim ranar da ruwa zai iso ƙofarsa. Wannan yana buƙatar ma'aunai a Wudil da Haɗejiya da Gashuwa da ake karantawa kullum, da iyakar tsayin ruwa da aka amince da ita tun kafin damina, da jami'in da aka ambata da muƙaminsa cewa shi zai ba da umarni idan an kai ta, da tudun da mutane suka san za su nufa.

A irin wannan kwari, ma'aunin katako mai fenti da mai karatu ɗan garin da ake biya a kan lokaci, yana aika lamba ta waya safe da yamma, ya fi na'ura mai aiki da hasken rana da ba a tanadi kuɗin sauya batirinta ba. Inda na'ura mai aika bayanai da kanta ta fi cancanta shi ne a jikin madatsun, domin auna tsiyayar ruwa da motsin ƙasa, da kuma a mararrabar da kogin Haɗejiya ke rabuwa, inda sanin yawan ruwan da kowane reshe ke ɗauka shi ne zai ba da damar tsara jadawalin sakin ruwa daga Tiga da Challawa da jihohin sama da na ƙasa za su iya bincika da kansu.